Ƙwarya Biyu da Wake: Kundin Aikinmu na Bayyana Gadon Sikila ga Jama'a

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau muka tsayar da shawarar abin da za mu sa gaba a bana. Mu huɗu ne: ni mai koyar da ilimin halittu a sakandare, da wata Sista da ta daɗe a ɗakin yara na asibiti, da wani matashi mai gwajin jini, da abokinmu mai gabatar da shiri a rediyo. Abin da ya tara mu dokar nan ce da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a watan Mayun 2024, wadda ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure a Jihar Kano, ciki har da gwajin jinotaif, wato gwajin jinin da ke nuna ko mutum AA ne (ba shi da gadon sikila), ko AS (yana ɗauke da gadon), ko SS (yana da ciwon). Doka ce mai kyau, ina goyon bayanta. Sai dai takarda ta riga fahimta shiga gidaje. Liman zai nemi takarda, waliyyi ya miƙa, a ga AS a nan, a ga AS a can, fuskoki su canja. Ka ja mai riƙe da takardar gefe ka tambaye shi abin da haruffan suke nufi, iyakar abin da zai ce maka shi ne, "An ce jininsu bai haɗu ba."

Lamarin ba ƙarami ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa kashi 24 cikin 100 na 'yan Najeriya suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila, kuma duk shekara ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ciwon a ƙasar nan. Babu ƙasar da ta kai mu a duniya. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke nan, a sahun masallaci, a aji, a gidan biki, yawancinsu lafiya lau, ba su ma sani ba.

Ta hanya uku za mu bi: gajerun muryoyi da za a riƙa turawa ta WhatsApp, da 'yan mintuna a shirin abokinmu, da zama ido da ido a unguwanni da makarantun Islamiyya. Ƙa'ida ɗaya muka ɗora wa kanmu: ba za mu ba mutum umarni ba sai mun nuna masa dalili, dalilin da zai iya maimaita wa iyalinsa da daddare ba tare da muna wurin ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Ba mu naɗi komai ba tukuna. Sauraro muka yi ta yi, a teburin mai shayi, a layin ganin likita, a shagon teloli. Sista kuwa ta shiga cikin gidaje, inda mu maza ba ma kaiwa.

Abin da ya fi yawa shi ne cakuɗa gwaji biyu. Mutum ya taɓa ba da jini a asibiti aka ce masa shi O ne, sai ya ɗauka ya gama da maganar sikila. Wannan rukunin jini ne, don ƙarin jini ake dubansa. Mai rukunin O yana iya zama AA, yana iya zama AS, yana iya zama SS.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne ɗora wa uwa laifi. Wata ta gaya wa Sista cewa duk ranar da ciwon ɗanta ya tashi sai uwar mijinta ta ce, "Mu dai a danginmu babu wannan ciwo." Ta yi shekaru tana haɗiye wannan magana, ita kanta ta yarda ita ce ta kawo. Alhali yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S daga uwa ya kuma karɓi S daga uba. Idan babu abin da aikin nan ya cimma sai sauke wannan kaya daga kan mata irinta, ni dai ya ishe ni.

Mun kuma ji masu cewa AS yana komawa AA idan an sha wani haɗi, da masu cewa sanyi ne ke kawo ciwon. Na ƙarshen nan ba za mu yi masa dariya ba, domin ido ne ya gani. Ga hunturu nan muna ciki, ɗakin yara ya cika. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, ya tayar da ciwon da ke kwance. Uwar da ta ce sanyi ne ta lura da gaskiya, saura a nuna mata abin da ke ƙarƙashinta. Daga inda mutane suka tsaya za mu ɗora, ba rushewa za mu fara yi ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mun yi doguwar muhawara da abokinmu na rediyo. Shi a ganinsa minti biyu ya isa: a ce wa mutane su je su yi gwaji, AS kada ya auri AS, shi ke nan. Ya ce, "Malam, mai sauraro yana kan babur ne, ko tana tankaɗe. Kana fara maganar himogulobin zai murɗa tasha." Ya san aikinsa, ban raina hujjarsa ba. Amma wannan saƙo an shekara ana faɗarsa, ga kuma inda muke. Mutumin da ke kiwo ya san dalilin da ya sa yake zaɓar bunsurun da zai bar wa garke, ya san kala da girman jiki suna bin jini. Wanda ya san wannan ba zai kasa gane gadon sikila ba, in dai an yi masa magana da harshen da yake tunani da shi.

Ga abin da muka rubuta, bayan gogewa da sakewa:

"A cikin jininka akwai jajayen ƙwayoyi. Su ne ke ɗaukar iskar da ka shaƙa su kai ta ko'ina a jiki. Abin da ke riƙe iskar a cikinsu sunansa himogulobin, kuma irin wanda jikinka zai ƙera gado ne, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda aka saba da shi shi ne A. Shi kuwa S, da ya sauke iskar da ya ɗauko sai ya manne wa juna, ya tanƙwara ƙwayar ta zama kamar lauje, ta yi tauri. Ƙwaya mai lafiya laushi gare ta, tana lanƙwasa ta wuce ta siraran jijiyoyi. Wannan kuwa sai ta maƙale ta tare hanya. Duk inda jini bai kai ba, nan ciwo ke tashi, ko ƙashi, ko ƙirji, ko ciki. Ƙwaya mai lafiya tana kwana 120 tana aiki. Ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Shi ya sa kullum jininsa ƙasa yake, shi ya sa idonsa ke yin rawaya. Mai AS yana da A ɗin da ke tsare shi, don haka ba mara lafiya ba ne. Mai ɗauke da iri ne kawai."

Mun karanta wa wata dattijuwa mai sayar da ƙosai a ƙofar makarantarmu, muka roƙe ta ta maimaita mana. Ta kawo shi kusan duka, har da kwanakin. Abokinmu ya yarda a saka shi yadda yake.

Tarihin binciken na cire shi daga muryar, na ajiye wa ɗalibaina. A 1910 wani likita a Chicago, James Herrick, ya fara bayyana waɗannan ƙwayoyi a rubuce, bayan an gan su a jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Giranada. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar a jikin himogulobin ɗin take. A tsakiyar shekarun 1950 Vernon Ingram ya gano cewa bambancin A da S sinadari ɗaya ne tak, na shida a jerin 146. Duk wannan azaba daga gurbi ɗaya. Na ga yadda ajin ya yi tsit da na faɗa musu.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Sha'aban ne, kowa na gaggawar ɗaura aure kafin azumi, masu gwajin jini ba sa samun zama. A wannan mako muka fara fita da ƙwarya, kuma ina ganin nan ne zuciyar aikin.

Matsalar da muke son warwarewa ita ce jimlar nan da ake yawan faɗa: idan AS ya auri AS, ɗaya cikin huɗu zai zama sikila. Jimlar daidai ce, amma kusan kowa yana jin ta a karkace. Wani ya ɗauka ɗa na huɗu ne zai kamu, don haka in sun tsaya a uku sun tsira. Wani ya ɗauka tunda na fari ya fito da ciwon, ukun da ke biye lafiya za su zo. Na taɓa jin wannan lissafi daga bakin mai digiri.

Ga yadda muke yi. Ƙwarya biyu, ɗaya ta uba, ɗaya ta uwa. A kowace mun zuba farin wake da jan wake daidai wa daida. Fari shi ne A, ja shi ne S. Mutum zai rufe ido ya ɗauko ƙwaya ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Wannan ciki ɗaya ke nan. Fari da fari AA, fari da ja AS, ja da ja SS. A rubuta a allo, sannan a mayar da waken cikin ƙwarya a gauraya kafin a sake ɗauka. Mayarwar nan ita ce darasin gaba ɗaya, domin jikin uwa ba ya riƙe lissafin cikin da ya wuce. Kowane ciki sabon ɗauka ne.

A ƙofar gidan wani mai unguwa muka fara, bayan la'asar. Kowane magidanci muka ce ya ɗauki na 'ya'ya shida. Wani tela ya ɗauka shida cur babu ja da ja, ya yi murmushi. Na kusa da shi ya ɗauka, na farko ja da ja, na biyu ja da ja. Ya tsaya ya dubi ƙwaryar ya ce a sake gaurayawa. Aka gauraya, ya ci gaba, ya samu na uku a ɗauka ta biyar. Da kowa ya gama muka haɗa duk abin da ke allo, sai ga ja da ja ya tasam ma kashi ɗaya cikin huɗu na jimillar, alhali babu gida biyu da suka yi daidai da juna.

Mai unguwa ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, "Malam, ashe huɗun nan ba na gida ɗaya ba ne, na gari ne." Na ce, "Ranka ya daɗe, ka faɗe shi fiye da yadda na iya." Gani ya kori ji.

Daga nan su da kansu suka shiga canja ƙwaryar. Wani ya ce a cika ta uba da farin wake zalla a ga abin da zai faru. Aka yi ta ɗauka, ja da ja bai fito ba ko sau ɗaya. Wani ya ce to a cika ta uwa da ja zalla, a bar ta uba fari zalla. Duk 'ya'yan suka fito AS, babu mai ciwo ko ɗaya. Ban ce musu mai sikila tana iya auren mai AA ba. Hannunsu ne ya gaya musu.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, mun dakatar da fita. Tambayar da ta cika wayar shirin ita ce ko mai sikila zai yi azumi. Sista ta bayyana cewa ƙarancin ruwa a jiki yana sa jini ya yi kauri, ƙwayoyin su fi saurin maƙalewa, don haka kowa ya tuntuɓi likitan da ya san jikinsa. Hukuncin shari'a kuwa ba mu taɓa shi da bakinmu ba. Mun gayyaci wani limami ya karanto ayoyin Suratul Baƙara da suka yi wa mara lafiya rangwame, ya yi bayani da muryarsa. Mai AS dai azuminsa kamar na kowa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mun koma fita bayan salla, cikin zafin bazara. A kusan kowane zama sai wani ya miƙe ya ce, "Ga maƙwabcina nan, shi AS matarsa AS, 'ya'yansu huɗu, babu mai ko ciwon kai." Yawanci ma'aikatan lafiya sukan yi saurin cewa wataƙila gwajin ne ba daidai ba. Wannan amsa tana ɓata mana aiki, domin mutumin ya san abin da ya gani, kuma lissafi yana bayansa. Kowane ciki yana da damar uku cikin huɗu ta tsira. Ka ninka wannan sau huɗu, za ka samu kusan gida 32 cikin 100 masu 'ya'ya huɗu ba za su ga sikila ba. Maƙwabcin nasa yana cikinsu. Amma idan 'ya'yan shida ne, gida 18 ne kawai cikin 100 za su tsira. Idan takwas ne, gida 10. A inda ake haihuwa da yawa kamar wurinmu, wannan shi ne lissafin da ya kamata saurayi da budurwa su ji.

Yanzu in aka kawo wannan hujja sai in ce, "Gaskiya ka faɗa, Alhaji, zo ka ɗauki wake." Mun naɗi murya a kan wannan, kuma ita ce ta fi yawo a cikin duk waɗanda muka fitar. Har ta dawo mini ta hannun wata 'yar'uwata da ba ta san muryar wa take turowa ba.

Wata damuwa ta taso. Wani saurayi ya kawo mana takardu biyu daga wurare biyu, ɗaya ta ce AA, ɗaya ta ce AS. Abokinmu mai gwajin jini ya zauna ya rubuta mana dalilan da ke jawo haka. Akwai gwaji mai araha da ke nuna akwai S ko babu kawai, ba ya bambanta AS da SS. Akwai wanda ake raba nau'o'in himogulobin da wutar lantarki, shi ne ake so, amma shi ma yana buƙatar kayan aiki masu kyau da hannun da ya ƙware. Wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, jinin wani ne ke yawo a jikinsa, sai ya jira kamar wata uku. Ga kuma kuskuren musanya kwalba. Dole mu faɗi wannan a fili. In muka nuna wa mutane gwaji ba ya kuskure, ranar da suka ga takardu biyu sun saɓa, duk abin da muka faɗa ya zube. Shawararmu: a yi gwaji a wuri biyu, kuma a yi tun kafin magana ta yi nisa. Wanda ya ga sakamako bayan an kai lefe, an buga kati, shi ne wanda zuciya ke raya wa ya nemi takardar bogi.

Asabar, 3 ga Mayu

Zama da limamai da masu ɗaura aure. Na shiga da fargaba, na fito da ƙarfin gwiwa.

Wani dattijo ya fara da cewa ciwo da lafiya na Allah ne, kuma ya ga 'yan boko suna son su raba abin da Allah ya haɗa. Na ce, "Allah gafarta Malam, ba mu zo da hukunci ba, wake muka kawo." Suka ɗauka kamar kowa. Kafin in ce komai wani daga cikinsu ya kawo labarin Sayyidina Umar, lokacin da ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Wannan amsa ta fi ƙarfin bakina, kuma daga wurinsu ya dace ta fito.

Abin da na roƙe su shi ne su taimaka a kan 'yan mata masu AS. Labari yana zuwa mana cewa da an ji yarinya AS ce sai manema su janye, har da waɗanda su AA ne, ko waɗanda ba su taɓa gwada nasu ba. Wannan illa ce da wayar da kai na rabi da rabi ya haifar. An tsoratar da mutane da harafin S ba a nuna musu yadda yake tafiya ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yanmu mata ake magana. Na cika ƙwaryar uba da farin wake na ba dattijon nan ya yi ta ɗauka har ya gaji. Ya ce zai faɗa a huɗuba.

An tambayi auren zumunci. Amsarmu ita ce zumunci ba ya ƙirƙirar S, amma in yana cikin dangi, 'yan'uwa biyu sun fi bare biyu yiwuwar haɗuwa a kansa. Gwajin dai shi ne mai raba gardama, ko ɗan'uwa ko bare.

Asabar, 24 ga Mayu

Wata ɗalibata ta yi tambayar da babu babban da ya yi mana: in ciwon yana kisa haka, me ya sa bai ƙare ba, me ya sa ya fi yawa a wurinmu? Amsar tana wurin sauro. A 1954 Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa masu AS sun fi jure wa zazzaɓin cizon sauro, kuma inda zazzaɓin ya fi tsanani nan S ya fi yawa. Tsawon ƙarnoni, yaro mai AS ya fi mai AA damar tsallake zazzaɓin yarinta, ya girma ya haifi nasa. Haka S ya yaɗu. Garkuwa ce ga mai guda ɗaya, ciwo ga mai biyu.

Na ga amfanin wannan bayani a fuskar iyaye. Wanda aka ce masa jininsa gurɓatacce ne, yau ya ji cewa abin da ke jikinsa shi ya tsare kakanninsa. Amma mun yi taka-tsantsan a rubutun, saboda akwai masu cewa AS ba ya zazzaɓi. Yana yi. Abin da yake ragewa shi ne mai tsananin da ke kisa. Gidan sauro na kowa ne, mai SS kuwa zazzaɓi yana iya kai shi ga halaka cikin gaggawa.

Muryoyinmu sun tsallaka iyaka. Wani bawan Allah daga zangon Kumasi ya aiko yana tambayar AC, domin shi ne a takardarsa. Akwai nau'in C, ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, kuma idan ya haɗu da S yana ba da SC, wanda shi ma ciwon sikila ne, ko da yake yawanci bai kai SS tsanani ba. Mun ƙara baƙin wake a jakar kayanmu.

Alhamis, 19 ga Yuni

Ranar Sikila ta Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2008. Mun yi zama da iyaye mata masu 'ya'ya SS. Wata ta ce wa Sista, "Yaya, duk maganarku ta waɗanda ba su yi aure ba ce. Mu da muka riga muka haifa fa?" Tambayar ta zauna daidai. Yawancin wayar da kai da ake yi a ƙasar nan yana tsayawa ne a ƙofar ɗaurin aure, kamar yaron da aka riga aka haifa ba shi da sauran rabo. Yana da shi, kuma abubuwan da ke tsawaita ransa ba masu wuyar samu ba ne.

Sista ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da dalilinsa. Jariri yana zuwa da himogulobin na cikin ciki wanda ke kare shi, shi ya sa ciwon ba ya bayyana sai wajen wata shida, sau da yawa da kumburin hannu da ƙafa. Saifa tana lalacewa da wuri, ita ce kuwa ke tace ƙwayoyin cuta daga jini, don haka ake ba yaro fenisilin kullum har ya kai shekara biyar, a kuma cika masa rigakafi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1986 ya nuna fenisilin ɗin ya rage mugun kamuwa da kashi 84 cikin 100. Zazzaɓi a jikin mai sikila ba a kwana da shi a gida. Ta koya musu yadda za su taɓa gefen hagu na cikin yaro su ji ko saifa ta kumbura.

Sai maganar shanyewar ɓarin jiki, wadda ke samun kusan yaro ɗaya cikin goma masu SS kafin su kai shekara 20 in ba a tare ta ba. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ta nuna yaron da ke cikin haɗari. Akwai kuma maganin haidiroksiyuriya, wanda ke sa jiki ya koma ƙera himogulobin irin na jarirai. Abin da na fi son iyayen su ji shi ne a nan gida aka yi binciken da ya nuna maganin yana kare yaranmu daga shanyewar jiki: a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da Asibitin Barau Dikko na Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, aka buga sakamakon a 2022. Likitocinmu ne, 'ya'yanmu ne. Mutane da yawa da ke zaune kusa da asibitocin nan ba su taɓa jin labarin ba, kuma wannan shi ne irin giɓin da muke ƙoƙarin cikewa.

An tambayi warkewa gaba ɗaya. Mun faɗi gaskiya: dashen ɓargo yana warkarwa, an fara yin sa a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, amma yana buƙatar wanda ɓargonsa ya dace, yana da haɗari, yana da tsada. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayar gado, kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2. Mun faɗe shi don kada su ji a wani wuri a yaudare su, sannan muka komo kan ruwan sha, gidan sauro, folik asid da zuwa asibiti a kan lokaci.

Asabar, 12 ga Yuli

Damina ta zauna, sauro ya dawo. Muryar wannan wata a kan zazzaɓi ce, kuma Sista ta ƙara da cewa uwar mai sikila ta gaya wa masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi gida-gida halin ɗanta da magungunan da yake sha kafin a ba shi.

Inda muke yanzu: muryoyin gado da na lissafin maƙwabci sun gama, na kula da yaro muna kan naɗa. Abin da ya tsaya mana shi ne ƙwarya ba ta shiga rediyo. Mun gwada abokinmu ya riƙa ɗauka yana faɗa, masu sauraro suna bugowa su yi hasashe, ya yi armashi amma bai kai a taɓa da hannu ba. Don haka muka juya ga koyar da masu koyarwa. Malaman Islamiyya mata sun fi kowa saurin kamawa, kuma su ne ke tare da 'yan mata a shekarun da ya kamata su san jinotaif ɗinsu, tun kafin wani ya yi sallama a ƙofar gida. Mun rubuta musu takarda shafi ɗaya da ajami da boko, yadda za su gudanar da ɗaukar waken da tambayoyin da za su taso.

Abu na gaba shi ne gwajin jarirai. A Kumasi an fara shi tun 1995 ƙarƙashin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, kuma yanzu akwai 'yan kayan gwaji irin su HemoTypeSC da ke ba da sakamako daga ɗigon jini cikin mintuna, ba sai da lantarki ba. Yaron da aka gane tun yana jariri zai fara fenisilin kafin cuta ta riga mu. Muna son mu zauna da ungozomomi da wanzamai, tunda su ne ke ganin jariri a makon farko, kafin suna. Sista ta samu wata ungozoma da ta yarda ta tara mana 'yan'uwanta ranar Laraba mai zuwa, abokinmu mai gwajin jini kuma zai zo da kayan ya nuna musu yadda ake ɗiga jinin daga dunduniya.